Jan Biro da Matan Lambun Gamkalley

Ranar da na fara taka Yamai, ko awa ɗaya ban yi ba aka raba ni da akwatina. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka ƙaunar da nake wa garin nan tun ganin farko ta samo asali. Ina! Da kuka muka fara.

Motarmu ta sauke mu a Wadata wajen ƙarfe goma na safe. Kasuwa ta riga ta cika maƙil, masu tura kura na ihu a ba su hanya, babura na kutsawa tsakanin taksi, wannan na Zabarmanci, wancan na Faransanci. Ni kuwa ga ni tsaye da akwati ɗaya, jakar hannu ɗaya, da girman kai buhu guda. Shekarata goma sha huɗu ina koyarwa a firamare a Malumfashi. Malama Talatu ke nan, wadda in ta yi gyaran murya aji uku ke yin tsit. Da kaina na ajiye aikin, saboda za a buɗe cibiyar koya wa manyan mata karatu a garinmu, aka ce ni za a ba ta, amma da sharaɗi: in kawo takardar shaidar koyar da manya kafin Babbar Sallah mai zuwa, in ba haka ba a ba wata. A Yamai akwai makarantar da ke ba da horon cikin wata tara da Hausa da Faransanci, su kuwa dama na karanta a kwaleji. Maigidana ya amince, na kai yarana uku wurin mahaifiyata. Komawa firamare kuma babu ita, don har walimar bankwana an yi mini, an ba ni kyautar fulas.

Ina tsaye ina waige-waige sai ga wani mutum cikin farar shadda, da carbi a hannu.

"Hajiya, daga gida ne? Ai daga ganin ɗaurin ɗankwalin nan na san 'yar ƙasar Katsina ce."

Na ce Malumfashi. Wallahi sai da ya lissafo mini unguwanni uku na garinmu. Na ji kamar na ga ɗan ɗakinmu. Ya ce in shiga shagon can in sayi layin waya na ƙasar, shi zai tsare mini kaya, don 'yan dakon nan ba su da amana. Ni da nake gano yaron da ya saci alli daga kallon idonsa kawai, na ce masa Allah ya saka da alheri. Na fito, ba shi, ba akwati. Kayan sawata duka, da garin kunun tsamiya da yajin da mahaifiyata ta daka mini, sun tafi. Allah ya taimake ni takarduna suna cikin jakar hannu.

Na zauna a bakin wani shagon atamfa na fashe da kuka, babba da ni. Mai shagon ta leƙo, wata dattijuwa mai jiki, da tabarau a bakin hanci.

"Mi ya same ki, ɗiyata? Mutuwa aka yi?"

Na ba ta labari ina shessheƙa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Mai farar shadda? Kwarankwatsa ba ke ce ta farko ba. Tashi ki shigo inuwa, kina tara mini mutane ba masu saye ba."

Hajiya Mariyama ke nan, mutuniyar Maraɗi, shekararta talatin a Yamai. Ta zaro turmi biyu ta miƙa wa telan da ke maƙwabtaka da ita, ta ce kada a yi la'asar bai gama ba. Da na fara godiya ta ɗaga mini hannu. Ta tambaye ni inda zan sauka, na ce ɗaki zan nema. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke? Wadda aka sace wa akwati da rana tsaka? Ki nemi ɗaki su sace ki ke kanki? Wuce mu tafi gida."

Gidanta a unguwar Dar es Salam yake, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Ta ba ni ɗakin 'yarta da ta yi aure. Wata tara na yi a ɗakin nan, kuma har yau in na rufe ido ina ganin labulensa kore mai zanen tsuntsaye. A gidan na koyi karya kumallo da dogon burodi mai tauri wanda ke yanka dasashi, na koyi cin kopto, wato kwaɗon zogale irin na Zabarmawa, wanda da farko na raina, daga baya nake lashe kwano. Hajiya ba ta taɓa barin tsokanata ba. In na yi abin kirki ta ce, "Ashe 'yan Najeriya ma suna da hankali." In na ce a garinmu ba haka ake yi ba, ta ce, "To ga hanya nan, mai farar shadda zai raka ki."

Kewar gida kuwa ba a magana. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci nake kiran mahaifiyata. Manyan biyu su karɓi waya su yi ta zuba, amma autata Ummi, mai shekara huɗu, ta ƙi. Ina jin muryarta daga nesa tana cewa, "Ku ce mata ba na nan." Ana dariya a can, ni ma ina dariya, in na kashe waya in shiga ɗaki in yi kuka mai isata. Hajiya ba ta taɓa cewa ta ji ba. Sai dai duk Juma'a da yamma za ta ƙwala mini kira in zo in taya ta tsinke zogale, ko da akwai tsinkakke cike da faranti.

A makaranta mu talatin ne, daga Damagaram, Tawa, Dosso, da mu baƙi 'yan kaɗan. Faransancina na littafi ya sha kunya a makon farko. In na buɗe baki sai su yi murmushi, wai ina magana kamar wasiƙar neman aiki. Na ciji yatsa na ce za ku gani. Na kama karatu ba ji ba gani. Malamar da ke kula da mu, Madam Zalika, Badamagariya ce siririya, mai magana a hankali kamar ba ta son tashin wani daga barci. Kullum maganarta ɗaya: babba ba yaro ba ne, da mutuncinsa yake shigowa aji, kuma da shi yake so ya fita. Na rubuta wannan a littafina, na ja masa layi, na haddace. Da aka yi jarrabawar rubutu ni na zo ta ɗaya. Na dawo gida ina taku ɗai-ɗai, Hajiya ta yanka mini zabuwa.

Saura aikin gwaji. Ƙa'idar ita ce, kowane ɗalibi a ba shi ajin manya na wata huɗu. Ranar ƙarshe mai jarrabawa zai zo ya zauna ya kalli darasi. In ya tarar da ƙasa da mutum goma sha biyu a ajin, ko zama ba zai yi ba, sai baɗi. Ni kuwa ba ni da baɗi.

Aka tura ni Gamkalley, bakin kogi, wurin mata masu lambu. Kai, ban taɓa ganin kore irin na wurin nan ba. Ka baro ƙura da hayaniyar gari, ka gangara kaɗan, sai ga latas da kabeji da karas fangali bayan fangali har bakin ruwa, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ajina wata rumfar zana ce a gefen lambunan, da allo jingine da turke. Muna zama tsakanin azahar da la'asar, don safe da yamma na ban-ruwa ne. Mata ashirin da uku suka rubuta suna. Yawancinsu Zabarmawa ne masu jin Hausar kasuwa, kuma Hausar suka zaɓa su koya, don da ita suke hulɗa da masu sarin kayansu.

Shugabarsu ita ce Inna Bibata, Allah ya jiƙanta. Ta haura sittin, doguwa, baƙa, hannunta kamar na namiji. Ita ke raba wa mata layin ɗiban ruwa, ita ke sasanta rigima, kuma in ta ce yau ba mai sayar wa wane kaya, to ko ganye ɗaya ba zai samu ba. Hausarta gajera ce, ba kwana-kwana. Ranar farko ta fara da sannun Zabarmawa ta ce mini, "Fofo, Madam. Mun zo. Ki koya mana, kada ki ɓata mana lokaci."

Na ce a raina, an zo wurin. Na tsara su layi-layi. Na koya musu in na shigo su miƙe su ce, "Barka da rana, Malama." Suka yi ta dariya, amma suka yi. Ina kiran suna, ina hana surutu. Duk Alhamis in yi musu gwaji, in tattara littattafansu, waɗanda suke kira kaye, in kai gida in zauna ƙarƙashin mangwaro in yi maki da jan biro, kamar yadda na yi shekara goma sha huɗu. Mai kuskure in ja mata gicciye. Wadda ba ta ci komai ba in zana mata sifiri ƙato kamar ƙwan agwagwa, in ja layi biyu a ƙasa. Ran Asabar in mayar musu in ce kowa ta tafi da nata gida ta yi bita. Hannun Inna Bibata ya saba da fartanya, biro na zame mata, ga ido ya fara rauni. Sau biyu a jere tana samun ƙwan nan. Ko a jikina. Na ɗauka ma zaburar da ita nake yi.

Mako na biyar Inna ba ta zo ba. Na shida muka koma goma sha bakwai. Sai tara. Ranar da na tarar da mata huɗu kacal, su ma suna zaune a ɗarare kamar masu jiran a sallame su, na san lamarin ya ɓaci. Na tambaye su ina sauran, suka ce aiki ne ya yi yawa. Saura mako shida mai jarrabawa ya zo.

Na tafi ofishin Madam Zalika raina a ɓace. Na ce matan nan ba su son karatu, lalaci ne kawai, a canza mini aji.

Ta ce, "Ba a canza aji, Talatu. Je ki nemo abin da kika yi musu."

"Ni na yi musu? Madam, kullum ni nake riga su zuwa! Ko minti ɗaya ban taɓa makara ba!"

"Na sani. Je ki nemo."

Na fito ina huci. A taksi har na yi faɗa da direba a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da na gaya wa Hajiya, ta ce, "Ni ban yi lakwal ba, ko ƙofar makarantar boko ban taka ba, ban san aikinku ba. Amma in masu saye suka daina shigowa shagona, ba na zama in zage su. Gidajensu nake bi."

Washegari da sassafe na gangara lambu. Na sami Inna Bibata a duƙe tana dashen latas, mata kusan goma a kewaye kowa na aikinta. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na ce na zo in ji ko lafiya. Ta ce lafiya lau. Na yi tsaye kamar turke, takalmina mai tsini yana nutsewa a laka. Can ta ce, "In kin zo tsayuwa, kina tare mini rana. In kin zo aiki, ga dashe."

Zuciya ta ɗebe ni, na tuɓe takalmi, na ɗaure zani, na karɓi damin dashe. Mene ne a cikin dasa latas? Ka huda ƙasa, ka sa, ka danne. Na kama fangali na yi ta yi da sauri, don in nuna musu 'yar Malumfashi ba raguwa ba ce. Inna ta dawo bayana, wai tana cire ciyawa. Ta ɗaga murya tana ba matan labarin wani mai sari da ya faɗa rijiya, suna ta shewa. Sai da na kai ƙarshen fangali na biyu na waiga don in ga kyan aikina. Duk dashen da na yi, na binne shi har wuya, na murƙushe saiwar. Ita kuwa tana bina a baya, da hannu ɗaya take tono kowanne, ta gyara masa zama, ta wuce na gaba, bakinta bai daina labari ba. Ta kare ni da jikinta, ba wadda ta lura. Da muka haɗa ido sai ta ce da ƙarfi, "Kun ga Madam? Hannunta na da sauri."

Kwana uku ina zuwa. Bayana kamar zai ɓalle, tafin hannuna ya yi kanta. Ran na uku, da rana ta take, matan suka watse, ta kira ni ƙarƙashin wata bishiyar lemun tsami. Ta buɗe kwandonta, ta zaro kayenta a naɗe cikin leda, ta buɗe shafin ta ajiye a cinyata.

"Wannan jan, mene ne sunansa?"

Na ce maki ne, Inna, don mutum ya san inda ya yi kuskure.

"Ni ban san ma'anarsa ba da kika ba ni. Na ɗauka ado ne. Na kai gida na ajiye a kan gado, ina jin daɗi. Jikokina suna lakwal, su sun sani. Suka ɗauka suka fita da shi tsakar gida suna waƙa, kaka ta ci ziro, kaka ta ci ziro. Jika ne, wasa ne tsakaninmu, ban damu ba. Amma matan 'ya'yana suna nan, suna rufe baki. Kafin kwana biyu maganar ta kai kasuwa. Wani mai sari, yaron da na san ranar haihuwarsa, na ce masa ba haka za a yi ba, ya ce, Inna, ke da kika ci ziro?"

Ta kalli kogi.

"Shekara arba'in ina gina bakina a wurin nan, Madam. In na yi magana ana ji. Ke kin zo da bik ɗaya, jan biron nan, kin rushe shi. Sauran matan da suka ga abin da ya same ni, wa za ta tsaya a yi mata?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni da na zo ta ɗaya. Ni da na ja wa maganar Madam Zalika layi. Ban san lokacin da na durƙusa a kan laka ba. Na ce, "Inna, na yi laifi. Ki yafe mini don Allah." Ban ɓoye mata komai ba, na gaya mata zancen mutum goma sha biyu, da aikin da na bari, da Ummi da ba ta karɓar wayata.

Ta ce, "Tashi, kina ɓata zani. Zan yi tunani."

Ran Asabar na zo rumfa na tarar da mata goma sha tara, Inna a gaba. Ba wadda ta yi zancen abin da ya wuce. Suka yunƙura za su miƙe gaisuwa, na ce don Allah su zauna, ni ce ƙarama, ni zan gaishe su. Muka kwashe layin nan muka zauna a da'ira a kan tabarmi. Na sayo ƙananan alluna, kowa ta rubuta nata ta juya shi wajen ƙirjinta, in zagayo in duƙa mu duba mu biyu, in akwai gyara ta goge da bakin zaninta. Kaye kuwa ba ya zuwa gida sai da abin da mai shi ta yarda a gani. Darasin ma daga lambu muke ɗauko shi: sunan iri a jikin fakiti, awon taki, garwa nawa fangali ke sha.

Makonnin nan biyar su ne mafi daɗin kwanakin da na yi a aikin koyarwa, har yau. Iska na tasowa daga kogi, wata na shayar da goyo, wata na ɓare gyaɗa tana miƙo mini, ana tsokanar Zabarmancina da bai wuce kalma goma ba. Ranar da Inna ta karanta rubutun jikin fakitin irin kabeji ita kaɗai, matan suka rangaɗa guɗa har masu lambun maƙwabta suka leƙo. Kullum in zan tafi sai an cika mini leda da ganye. Hajiya ta ce tun da take ba ta taɓa cin latas har ya gundure ta ba sai a dalilina.

Ranar jarrabawa mata ashirin suka zo, kowa cikin kayan fita biki. Mai jarrabawar wani dogon mutum ne mai furfura, ba fara'a, tsohon sufeton makarantu. Madam Zalika na biye da shi. Ya ƙirga kawuna, ya zauna a kujerar da aka aro masa, ya ɗora takardar maki a gwiwa. Mun san abin da ke cikin takardar nan, an koya mana. Ɗaya daga manyan layukanta shi ne yadda malami ke gyara kuskuren ɗalibi.

Darasi ya tafi sumul. Har na fara jin iska na shiga ƙirjina, sai ya ɗaga biro.

"Madam, ina son ɗaliba ɗaya ta fito babban allo." Ya duba da'irar, ya nuna Inna. "Ke, Baba. Fangali bakwai, kowanne na shan garwa huɗu. Garwa nawa ke nan? Rubuta mana."

Na ce a raina alhamdu lillahi. Inna ta miƙe a hankali, ta karɓi alli, ta tsaya gaban allo. Ta rubuta biyu, ta rubuta shida. Ashirin da shida, manya-manya, yadda na bayan rumfa ma zai gani. Ta ajiye alli, ta juyo ta tsaya tana kallona.

Ashirin da takwas ne, kowa a wurin ya sani. Mai jarrabawa ya ɗora bakin biro a kan takarda yana jira. Na san abin da yake so: in nuna kuskuren, in tambayi aji wa zai gyara, wata ta fito ta goge na Inna ta rubuta daidai. Minti ɗaya ya isa. Na tuna Ummi, na tuna fulas ɗin bankwana, na ga kaina na sauka a tashar Malumfashi hannu wofi. Bakina har ya buɗe. Sai na ga bayan zana akwai mutane tsaitsaye suna leƙe, masu sari da matan unguwa da suka zo kallon baƙo.

Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Inna. Mun gode. A zauna."

Na ɗauki tsumma na goge allon tas.

"Madam," in ji shi, "lissafin nan daidai yake?"

Na ce, "Na gani, Yallaɓai. Wannan tsakanina da Inna ne. Za mu duba shi mu biyu."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi rubutu mai tsawo. Ban san yadda na ƙarasa darasin ba. Da suka tashi ko sallama bai yi mini ba. Madam Zalika kuwa ta taɓa kafaɗata ta wuce. Matan suka watse ban-ruwa, aji ya ƙare ke nan.

Mako biyu muna jiran sakamako. Abinci ya ƙi shiga. Hajiya ta yi tsokana har ta gaji ta koma lallashi. Ran da aka manna sunaye, daga sama na fara dubawa don sabo. Na yi ta gangarowa. Sunana ne na uku daga ƙasa. Na ci, da ƙyar, da maki mafi ƙanƙanta da ake ba da takarda da shi. Daga baya na ji an yi doguwar muhawara a kaina. Na zauna a dandamalin ofis na yi kuka, na yi dariya, na sake kuka.

Ana gobe zan tafi na gangara Gamkalley da hantsi. Na sami Inna ita kaɗai a ƙarƙashin lemun tsamin nan tana wanke karas. Na gaya mata na samu, ta ce, "Madalla." Na ce akwai alkawarin da ban cika ba. Na tsuguna kusa da ita, na waiga ba kowa, na ɗauki tsinke na zana fangali bakwai a ƙasa, na fara sa ɗigo huɗu-huɗu a hankali. Na ce, "Inna, mu ƙirga tare."

Ta dubi zanen, ta dube ni, sai ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki.

"Ashirin da takwas. Madam, shekara arba'in ina ɗaukar ruwan nan a hannuna. Wuyana ma ya san ko garwa nawa ne."

Na saki tsinken. "To me ya sa kika rubuta shida?"

"Don in ga abin da za ki yi."

Raina ya yi mugun ɓaci, na miƙe tsaye. "Haba Inna! Da takardata kika yi wasa? Kin san abin da na baro! Da na faɗi fa? Da wane ido zan kalli 'ya'yana?"

Ba ta daina wanke karas ɗinta ba. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Zauna, ɗiyata."

Na zauna ina huci.

"A rumfa kin gyara hali, na gani. Amma lokacin kina bukatar mu. Na ce bari in gani ranar da abin zai ci ki. Mutumin nan takarda kawai zai ba ki ya tafi. Ke kuma za ki koma garinku, a tara miki tsofaffi irina, masu surukai da jikoki. Ba su san ki kamar yadda na san ki ba. Ba su da mai tsaya musu a nan sai ni."

"Da na sa an gyara ki a gaban mutane fa?"

"Da na miƙe na fita, matan nan duka su bi ni, ya ƙirga tabarmi." Ta miƙo mini karas guda. "Ci. Na ɗauka zan fita ɗin ma. Na ji daɗi da ban fita ba."

Na karɓa na ci, ina hawaye, haushinta da ƙaunarta sun cakuɗe mini.

Ban sake ganinta ba. Shekara biyu bayan dawowata Hajiya ta kira ni ta ce Inna Bibata ta rasu, an ce ranar ba a yi ban-ruwa a Gamkalley ba sai bayan la'asar. Cibiyarmu na nan tana ci gaba. Duk sanda muka ɗauki sabon aji, ranar farko kafin a taɓa alli, nakan ce a yi wa wata baiwar Allah addu'a, sunanta Bibata. Tsofaffin nan su ɗaga hannu su yi mata da zuciya ɗaya, su shafa. Wani lokaci wata ta tambaye ni, "Malama, 'yar uwarki ce?" Sai in ce, "A'a, taku ce. Ita ta tsaya muku."